Jiƙon Baffa a Katin Asibiti

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yammacin wata Laraba Baffa, yayan mahaifina, ya jingine mashin ɗinsa a ƙofar zaurenmu, da galan ɗaure a baya. Na san lokacin daidai domin ni na rubuta shi.

A shekarar ina aji biyar a sakandare, ciwon Baba kuma ya dawo. Shekara biyu kafin nan ƙaluluwa ta fito masa a wuya da hammata ta ƙi sacewa, likitocin wani asibiti a cikin Kano suka ce ciwon daji ne. An yi ta yi masa ƙarin ruwa mai zubar da gashi, ya miƙe, har ya yi noman rani biyu a gonarsa ta bakin kanal. Ana tsakiyar ɗiban tumatir ya shafa wuyansa ya ji ta dawo.

Wannan karon likita ya ce akwai wasu sababbin ƙwayoyi da ake gwadawa, na haɗiya ne a gida, amma ba a tabbatar da aikinsu ba tukuna. A garinmu a lokacin ba abin da ake tsoro kamar a ce maganin gwaji. Baba ya saurara har ƙarshe, ya tambaya ko zai iya zuwa gona, aka ce zai iya, ya sa hannu da ajami. Nas ɗin da ke kula da masu gwajin, wata dattijuwa mai tabarau, ta tambaya wa ya iya boko a cikinmu, sannan ta miƙo min kati.

"Duk abin da ya shiga bakinsa da sunan magani ki rubuta, da lokacinsa," in ji ta. "Kuma kada ya haɗa da komai, ko na gargajiya ne."

Ni ba mai magana ba ce. Ko a aji, in na san amsa sai in rubuta ta a gefen littafi in yi shiru. Aikin katin ya dace da ni. Na ƙara masa layuka da rula, na ɗaura agogon Baba a hannuna duk da ya yi min yawa. Ƙwaya biyu bayan karin kumallo, biyu bayan magariba. A sati na biyar kumburin ya ragu har Baba ya iya sa maɓallin wuyan rigarsa.

A wajenmu ba a zuwa dubiya hannu rabbana, kowa da maganin da ya ji labari. Inna takan karɓa ta yi godiya, in baƙo ya tafi ta zubar a bayan ɗaki. Amma Baffa ba baƙo ba ne. Shi ya riƙe Baba tun rasuwar mahaifinsu, shi ya yanka masa gona. Ya taso tun daga Bunkure da jiƙon sassaƙe da ya yi tattaki ya samo, kuma bai ajiye galan ɗin ya tafi ba.

"Akawu, ajiye biron nan ki kawo kofi," ya ce da ni.

"Yaya, ai likita ya ce..." in ji Baba.

"Likitan ne ya goye ka? An mayar da kai sabon irin shinkafa, a shuka a ga ko zai yi. Sha a gabana."

Baba ya yi dariya kaɗan, ya sunkuyar da kai ya shanye. Kwana tara Baffa yana zuwa bayan la'asar, yana barin ban ruwan albasarsa a hannun 'ya'yansa. Sau tara na rubuta.

Inna ta gan ni a rana ta uku.

"Me kike sawa a nan?"

"Jiƙon."

"Goge shi. Maganin ɗan'uwa ne, ba ruwan asibiti da shi."

"Inna, an ce komai."

"Ke komai aka ce sai ki yi?"

Da biro na rubuta, ba ya goguwa, amma da na so da na ce katin ya faɗa kanal. Na yi wannan tunanin. Na kasa.

Ranar komawa asibiti nas ɗin ta karanta katin, ta cire tabarau, ta shiga wajen likita da shi. Aka ɗebi jinin Baba, aka buɗe idonsa aka ga ya soma yin rawaya. Likita ya ce hanta ta taɓu, dole a tsayar da ƙwayoyin, kuma ba za a iya ci gaba da shi a gwajin ba. Aka karɓe sauran kwalbar. A mota, da muka kusa Kura, inda ruwa ke tafiya a gefen titi, Baba ya dube ni.

"Likita ya yaba rubutunki," ya ce. "Ya ce ba mai kawo kati kamar naki."

Kumburin ya dawo kafin a gama yankan alkama. An sake gwada ƙarin ruwan, jikinsa bai ɗauka ba. Ya rasu ana dashen shinkafar damina. Baffa ne ya yi masa wanka, ya fito yana kuka kamar yaro, har maza suka riƙe shi.

Ba wanda ya ce min komai. Sai dai daga nan Inna ta daina kirana in karanta mata takarda, takan aika gidan maƙwabta. Na taɓa tambayarta game da katin sau ɗaya, muna tsintar shinkafa, ta ce kwanansa ne ya ƙare. Na tambayi malamar Islamiyyarmu, ta ce na yi gaskiya kuma ina da lada. Duk ba abin da na tambaya ke nan ba.

Bayan na gama jarrabawar ƙarshe na shiga Kano sayen fom ɗin ƙaro karatu, na sauka a ƙofar asibitin ba tare da na faɗa wa kowa ba. Na zauna a benci har masu kati suka ƙare. Nas ɗin ta gane ni kafin in gaishe ta.

"'Yar nan mai rula. Ya babanki?"

Na faɗa mata. Ta yi masa addu'a, ta matsa min wuri kusa da ita. Sai na tambaye ta.

"Sista, da ban rubuta ba, da yana nan?"

Ta cire tabarau ta ce:

"Da ba ki rubuta ba, da ba mu ɗebi jininsa a ranar ba. Da ya ƙara sati biyu yana shan ƙwayoyin kafin mu gane. Ko sati biyun su taimake shi, ko su ƙarasa hantar. Wanne ne a ciki, wallahi ban sani ba, 'yata, likita ma bai sani ba. Da mun san abin da ƙwayar nan take yi, da ba mu ba ki kati ba."