Ɓera da modem a ƙofa ɗaya

Shekarar da aka sa wa gidajen unguwarmu Zongo jan fenti, alamar rushewa, na dawo daga Lome na tarar kowa yana ɗaure kaya ba mai magana. Taubashina, ɗan gwaggona, yana da ɗan shagon siber inda ake shiga intanet, odinater biyu, wato kwamfuta, da fanka. Ƙaninsa yana Turabulus wajen aikin gini, bai san za a rushe unguwa ba. Gwaggo ta ce ita za ta faɗa masa da bakinta, kada yaro ya dawo ya tsaya kan fili yana neman ƙofar gida.

To, na'urar ta ƙi. In an kira yaron ta intanet, murya sai ta shigo, ta daskare. In ka motsa ɓeran nan na hannu, wanda suke ce wa suri, sai ta ɗan ci gaba. Ka saki, ta tsaya.

Aka ba ni ɓera. Ina ta zagaya shi kan tebur kamar mai dama fura.

"Duk yawon duniyar nan naka, ga inda ya ƙare," in ji taubashi.

"Kai da ka yi lekol, ɗan boko, gyara mana," na ce.

Ban ji daɗi ba, ban ji haushi ba. Kwanakin nan ba na jin komai sosai. Hannu ne kawai ke aiki.

Taubashi ya duba allo ya daɗe. Ya ce kowane abu a cikin na'ura yana da lambar da yake ƙwanƙwasa wa ƙwaƙwalwarta in yana son a saurare shi. Ɓera da modem, wato katin da ke haɗa na'ura da layin waya, duk an ba su lamba huɗu. In modem ya ƙwanƙwasa, sai ta leƙo ta ga kamar ɓera ne, ta koma. Sai ɓera ya motsa take kwashe saƙon duka biyun.

Ya kashe na'urar, ya kwance murfi. Ƙura cike. Da hantsakin cire ƙaya na gwaggo ya ciro wata 'yar baƙar roba a jikin katin, ya mayar da ita kan ƙarafan gefe, lamba biyar. Garin sawa ta faɗi ciki, muka girgiza akwatin har ta fito, ya sake sa ta. Ya kunna, ya faɗa wa na'urar sabuwar lambar.

Murya ta fito sarai. Na ɗauke hannuna.

Gwaggo ta matso da bakinta. Gaisuwa ta yi ta yi, lafiya, aiki, abinci, ciwon ƙafarsa. Taubashi ya ce, "Inna, faɗa masa mana."

Ta faɗa. Shiru, har na kai hannu ga ɓera.

"Ina za ku koma?" in ji yaron.

"Can bayan gari. Sun ba mu fili."

"Kusa da me?"

Ta dube ni, ni da aka ce na san ko'ina. Na je wurin sau ɗaya. Turaku ne da jar ƙasa.

"Ba kusa da komai ba tukuna," ta ce. "In ka sauka tasha, ka nemi masu goro a kasuwar Sankaryare. Su za su kawo ka."