Dundumin Habsu

Ina Maraɗi, ina alwalar la'asar, direban motar Dakwaro ya tsaya ƙofar gida ya ce ƙanwata Habsu ta rasu. Na yi salati, na ƙarasa alwalata. Abin da ya fara zo mini a rai shi ne murhun Kaka.

A shekarun farko na 'yancin kai, mahaifinmu na saye da sayar da hatsi. Ya hana a kawo tafasa da zogale gidansa, wai abincin yunwa ne, kada a ce ya talauce. In an yi yanka kuma, hanta zaure take zuwa wurin baƙi. Habsu tana da shekara shida ta fara tuntuɓe da turmi da zarar an yi magariba. Nan aka gane dundumi ne.

Kaka ba ta kiran sunan mahaifinmu, don ɗan farinta ne, ba ta kuma yi masa faɗa kai tsaye. Wani dare bayan isha ta tara mu bakin wuta, ta ɗaga murya yadda za a ji a zaure.

"Ku matso, ga ta nan tafe. Kai angona, janyo mani ɗiyar nan kada ta taka garwashi."

Ta ce an yi wani sarki da ya hana mutanensa cin ganye, ya ce na awaki ne. Aka koma tuwo zalla. Kafin shekara, rana na faɗuwa garin duk ya makance. Kura ta riƙa shigowa tana zaɓen wanda take so, awaki na ganinta suna kuka, masu awaki na lalube.

Habsu ta ce, "Kaka, sarkin bai ji kunya ba?"

"Ina na sani? Ga shi can zaure, tambaye shi."

Ba wanda ya yi dariya. Washegari mahaifinmu ya dawo daga kasuwar Kornaka da hanta a ƙunshe, ya ajiye gaban Kaka. Ta gasa, ta ba Habsu, ta ci gaba da yi mata kwaɗon zogale da man shanu. Idon dama ya warke. Na hagu ya riga ya yi fari.

Na girma kafin wani likita ya gaya mini sunan abin da jikin Habsu ya rasa, wai bitamin, yana cikin hanta da ɗanyen ganye da man shanu. Ya ce ciki na iya cika, jiki bai samu nasa ba. Kaka ba ta san sunan ba. Mahaifinmu kuwa bai taɓa barinmu da yunwa ba, shi ya sa har yau na kasa ɗora masa laifi.

Bara na ce wa Habsu in an cire gyaɗa zan kawo ta Maraɗi a duba idon hagun, ko da abin da za a iya yi. An cire gyaɗa, ban je na ɗauko ta ba.