Manhajar da Aka Koya wa Kawaici

Aikin da aka ɗora mini a sandikar masu kamiyo ta Gaya, wato ƙungiyar masu manyan motocin kaya, ban da rubuta bayanan taro, shi ne in duba allon ordinatar ofis, wato kwamfuta, kowace safiya, in tabbatar manhajarmu tana aiki, sannan in tsaya bakin ƙofa in sanar da direbobi. Na riƙe wannan amana yadda ya kamata. Ban taɓa faɗin abin da idona bai gani ba.

Manhajar ce ke tsara layi. Direba zai shigar da lambar motarsa ta waya, ita kuma ta nuna masa ranar da zai tashi ya haye gada zuwa Malanville. Kafin zuwanta, rigimar layi har sanduna take kaiwa. Ba a ofishinmu take zaune ba. Injiniyan da ya gina ta, wani mutumin Yamai mai haƙuri, ya ce tana kan manyan injunan haya a wata ƙasa mai nisa, abin da suke kira gajimare. Tun da babu halin leƙa ta, sai ya rubuta wani ɗan ƙaramin shiri da ke aika mata tambaya a kai a kai: kina lafiya? Ita kuma ta dubi ma'ajiyar bayananta da hanyar saƙonninta, ta amsa. In komai daidai ne, ɗigo kore ya fito a allona. In da matsala, ja. In ya yi ja, sai in kira injiniya, ya gyara kafin azahar.

Wata damina na tafi Bengou ta'aziyya, na yi kwanaki. Da na dawo, na tarar da ɗigon kore, kuma daga nan bai sake canzawa ba. Na yi murna. Har na yaba wa injiniya a rahotona.

Da kakar albasa ta zo, wani direba ya same ni da wayarsa a hannu. Motarsa na tsaye a tasha, cike da buhuna.

"Malam sakatare, abin nan ba ya nuna mini rana."

"Ɗigon kore ne," na ce. "Rezo ɗin wayarka ne ba ya kamawa."

"Rezo na kowa ya lalace? Duk tashar nan?"

"Ni dai abin da allo ya nuna nake faɗa."

"To, ka ce wa ɗigon ya zo ya kai albasata Malanville."

Washegari na duba, kore. Na fita na sanar. Haka na yi ta yi, domin ba a ba ni ikon sanar da zato ba. Ana cikin haka motar mutumin ta fara ɗigar da ruwa baƙi, masu shayin bakin tasha suka janye teburansu. Babu direban da ya yarda wani ya tashi ba tare da layi ba, don haka babu wanda ya tashi.

Na kira injiniya. Ya ce a tara kwamiti a sa shi a lasifikar waya. A wannan zama na ji abin da aka yi a bayan idona. Ashe lokacin da nake Bengou, shugabannin masu kamiyo na ƙetaren kogi sun kawo ziyara. Shugabanmu, wani Alhaji da ya fara tuƙi tun ban shiga lakkol, makarantar boko, ba, yana nuna musu allon da alfahari, sai ɗigon ya koma ja a gabansu. A ranar ya umarci injiniya da ya sa manhajar ta riƙa amsa lafiya lau, ko me take ciki.

"Na gaya miki, Alhaji... na gaya maka haɗarinsa," in ji injiniya, har harshensa na harɗewa. "Ma'ajiyarta ta cika tun tuni, ta tsaya cak. Bakin da ke amsa gaisuwa kawai ya rage."

"Injiniya," in ji Alhaji, "ranar da aka yanka ni a asibiti, likita ya ce ina kwana, da tiyo a hancina na ce lafiya lau. Ɗan mutunci ba ya amsa gaisuwar farko da ciwo, balle gaban baƙi. Sai an zauna, an sha ruwa, an tambayi gida da gajiya, sannan a ce, to, ya jiki? Wannan ɗan aiken naka tambaya ɗaya yake yi a tsaye ya juya. Shi ne mara tarbiyya."

"Alhaji, ta mutu fa."

"Ka gani? Har ta cika ba ta yi ƙorafi ba. Allah Ya ba mu irin haƙurinta."

Ƴan kwamiti suka ce amin. Na ji su da kunnena.

Sai aka zo neman mai laifi, domin mai albasa na tsaye bakin taga. Manhajar ta yi abin da ya dace. Ɗan aiken ba ɗan sandika ba ne, ba a iya hukunta shi. Injiniya umarni ya bi. Sai ma'aji ya juyo gare ni.

"Kai da ka yi karatun boko, Malam, wa ya taɓa jin lafiya lau ya fita ya yi shela? Ai gaisuwa ce, ba labari ba."

Na tashi na ce ba a sanar da ni an mayar da na'urar bincike abokiyar gaisuwa ba. Aka ce in zauna. Aka yanke cewa sakatare ya ɓatar da direbobi da sanarwar ƙarya, kuma a shigar da haka cikin bayanan taro. Mai rubuta bayanan taro ni ne. Sakatare ba ya rage abin da taro ya yanke, don haka na rubuta, da kyakkyawan rubutu, na sa hannu.

An tayar da manhajar daga baya. Bisa umarnin kwamiti, ɗan aiken yanzu yana tambayar ta gajiya, da gida, da zafin rana, kafin ya kai ga ainihin tambayar, saboda haka gaskiya takan iso allona wajen la'asar. Ni kuwa, a tasha babu mai karɓar maganata. Da na ce na ga jinjirin watan azumi a kan kogi, liman ya tambaye ni ko kore ne.

Saboda haka ina roƙon uwar ƙungiyarmu ta jihar Dosso, cikin girmamawa, da ta turo masu bincike Gaya, su saurari injiniya da mai albasa kowanne shi kaɗai, su tantance wanda ya ba da umarnin da wanda aka ɓoye wa. In sun same ni da gaskiya, a soke wancan layi daga bayanan taro a gaban direbobi, kuma a naɗa wani ya soke shi, domin ƙa'idar sandika ta hana sakatare goge abin da ya sa wa hannu.