Sarkin da Ya Cinye Muryar Inna

Shekara bakwai na yi a New York ina bautar wani sarki da ya mutu tun kafin zuwan Musulunci. Bayahude ne, ya mulki Yaman, ya haƙa rami ya cika da wuta, ya zuba Kiristocin Najran a ciki. A kansa nake rubuta kundin digirina na uku. Da yake ni Kirista ne, abin ya tsaya mini a rai, na ce shekara biyu zan gama da shi. Ina! Shi ya gama da ni. Na gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Wani tela ɗan Nijar a Harlem ya taɓa tambayata me nake karantawa. Da na faɗa masa, sai ya ajiye almakashi. "Haba malam, mutanen rami? Ai kowane azumi muna jin su a tafsiri. Wannan ne ya hana ka aure?" Cikin minti biyar ya ba ni labarin kaf. Ban yi dariya ba.

Inna, mahaifiyata, ba ta iya rubutu ba, kaset take aiko mini daga gida ta hannun matafiya. Ta ba ni labarin awakinta da ciwon ƙafarta, ta rufe da tambaya ɗaya: "Sarkin nan naka bai sake ka ba?" Ni kuma in aika mata: baɗi, Inna.

Ni ma da kaset nake aiki. A jirgin ruwan da ke tsallakar da ni daga tsibirin Staten Island, inda nake zaune, nakan kara rakoda a baki in yi ta zuba abin da ya zo mini. Wata safiya na makara, na wawuri kaset a kan tebur, na danna jan maɓalli. Har muka tsallaka ina bayanin yadda Habashawa suka ci sarkin da yaƙi, ya kora dokinsa cikin teku.

Bayan sati uku aka bugo waya, an binne Inna. Na nemo kaset ɗinta na ƙarshe, wanda na ce sai na samu sukuni zan saurara, na kunna. Muryata ce. Na zauna na ji kaina ina ta surutu, wallahi na tsani muryar nan. Can dab da ƙarshe, inda na kashe rakodar, sai tata ta fito: "...ka taho haka nan, ko ba takardar."