Gefen Tsamiya da Malam Ya Bar Min

Ni ban yi karatun boko ba. Ina faɗa ne ’yata tana rubutawa, kuma na ce mata ko ta ji abin da bai yi mata daɗi ba ta rubuta shi yadda na faɗa.

Malam, mijina, yana da gona a bayan Yindiski, daga gidanmu na Dogo Nini tafiya ce mai ɗan nisa. Gero da wake yake nomawa, amma akwai gefe guda, wajen wata tsohuwar tsamiya, da bai taɓa sa fartanyarsa ba tun da na san shi. Wannan gefen aro ne a hannun wata mata ’yar ƙabilar Karai-Karai. Mijinta ya yi wa Malam kiwon shanu shekaru da yawa, da ya rasu sai Malam ya ce ta riƙa noma wajen. Kuɓewa take shukawa, da yakuwa, da ’yar gyaɗa. Ta girme ni, ina ce mata Yaya. Ita kuwa tun ranar da aka kawo ni gidan take kirana Amarya, har na yi furfura ba ta sauya ba.

Da ciwon Malam ya yi tsanani, wata rana da hantsi ina ba shi kunu, ya ture kofin ya ce, “Gefen tsamiya. Ki kare min shi.” Na ce to. Bai ƙara komai ba, don ya san na gane. Kwana uku bayan nan aka kai shi makwancinsa. Duk sanda na dama kunu na zuba a kofin nan sai na yi kuka, shi ya sa na ɓoye shi a ƙasan akwati.

Da na fita takaba aka raba gado, na roƙa a sa tumunina ya faɗo a gefen tsamiya, aka yi min haka. Yaya ta yi damina guda tana nomanta kamar kullum, ta kawo min busasshiyar kuɓewa a ƙwarya.

Babban ɗana malamin dabbobi ne, aikinsa a kasuwar shanu. Ɗan fari ne, ba na faɗin sunansa, ba na zama in yi doguwar hira da shi. Haka aka tashe mu. Idan ya zo gaishe ni sai in amsa ina kallon gefe, abin da nake so kuma ƙanwarsa nake faɗa wa ta kai masa. Wata Juma’a ya zauna a bakin ƙofar ɗakina ya yi bayani mai tsawo. Ya ce manyan ’yan kasuwar shanu yanzu kowa ya ajiye karnukan gadi, irin manyan nan na ƙasashen waje, suna kulle a keji yini guda har hankalinsu ya gushe su ciji mai ba su abinci. Ba a iya fita da su unguwa, mutane ba za su yarda ba. Shi yana so ya zagaye gonar da waya mai tsayi, ya sa ƙofa biyu, ɗaya bayan ɗaya yadda kare ba zai kuɓuce ba, a riƙa kawo su suna gudu suna shan iska, masu su suna biya. Ya ce ƙannensa sun yarda da nasu kason, saura nawa.

“Inna, kuma ko ba komai an kare gonar,” in ji shi. “Masu yanka fuloti sun kusa iso mu. In akwai waya ba mai shiga.”

Kalmar nan na kama. An kare gonar. Na ce a raina ai abin da Malam ya ce ke nan. Na san ƙarya nake yi wa kaina, don Malam bai taɓa jin tsoron masu fuloti ba, Yaya yake nufi. Amma in buɗe baki in ce wa ɗan fari ban yarda ba, in tsaya ina yi masa bayanin abin da babansa ya faɗa min a ɗaki, wannan ya yi min nauyi. Kuma, Allah na gani, na ji daɗi da ya zo neman wani abu a wajena. Ya miƙo takarda, na dangwala yatsa. Shi bai san da wasiyyar ba. Ya ɗauka Yaya tana noma wajen ne don ba mai so.

Da rani aka kafa turakun ƙarfe aka ja waya. Ban je ba, ban kuma aika wa Yaya ba. Kullum sai in ce gobe.

Ruwan farko ya sauka, bayan kwana biyu sai ga ta da rana tsaka, da fartanya a kafaɗa da ƙullin iri a bakin zane. Ta yi sallama, ta ƙi zama a tabarma, ta zauna a kan turmi.

“Amarya, na je gona na tarar an yi baƙi,” ta ce. “Wani baƙi ƙato kamar maraƙi ya zo bakin waya ya gaishe ni. Hausarsa ta fi tawa ƙarfi.”

Na yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Na ce, “Yaya, yaran ne. Sun ce a kare gonar.”

“To ai ni Hausata ta koyo ce, ki gyara min. Malam ya ce ki kare gona, ko ya ce ki ba kare gona?”

Ashe ya faɗa mata. Ta zo duba shi ana gobe zai rasu, ya ce mata kada ta damu, ya bar amanarta a hannuna. Na sunkuyar da kai. Ta sha ruwan da na kawo, ta tambayi lafiyar ƙafata, ta ce aro dai aro ne, mai abu ya karɓi abinsa, ta tafi. Ban raka ta ko zaure ba.

Duk da haka har damina ta wuce ban yi magana ba. Wajen yana ta samun mutane, ana kawo karnuka a bayan mota safe da yamma. Ɗana yana murna, ni kuma ko nama ya aiko ba na iya ci.

Bayan girbi na kasa jurewa. Ya zo gaisuwa, na juyo na kalle shi ido da ido, abin da ban taɓa yi ba, na faɗa masa maganar babansa.

“Inna, me ya hana ki faɗa min tun ranar?” ya ce. “Turaku shida ne kawai. Karnukan ma ba sa zuwa wajen, saboda ƙaya. Da na ja wayar ta bayan tsamiya.”

Turaku shida. A mako guda ya sa aka tuge su aka mayar baya, gefen tsamiya ya koma waje, har ya lulluɓe wayar wajen da zana don kada karnukan su riƙa ganin Yaya suna haushi.

Na hau Keke Napep da kaina na je gidanta. Na same ta a kwance, ta rame, ɗanta ya zo daga ƙauye zai tafi da ita. Na durƙusa na ce, “Yaya, an buɗe miki wajenki. Ki yafe min.”

Ta ce ta yafe tun ranar da ta zauna a kan turmina. Sai ta ce, “Amma me zan shuka, Amarya? Irin kuɓewar nan tun daga hannun uwata yake, kowace shekara ina cire na baɗi. Bana da na rasa inda zan sa shi, sai na daka na yi miya. Ba ta ma yi yauƙi ba.”

Washegari suka tafi ƙauye. Damina biyu ke nan gefen tsamiya yana nan a buɗe, ciyawa ce kawai a ciki. Ɗana ya tambaye ni ko a shuka min wani abu, na ce a bari. Na sa an tambaya a kasuwa da gidajen da take rabon kuɓewa, ko akwai wadda ta taɓa karɓar iri a hannunta. Har yanzu ba a samu ba.