Icen Yaya Sani da Ƙirjin Hajiya

Tashi daga Bronx

Ina idar da sallar Asuba na fito daga Concourse Village, sanyi yana yankan kunne. A aljihuna akwai mitar awon danshin itace, 'yar aba mai tsinken ƙarfe biyu, aro daga abokin aikina. Mahaifiyarmu Hajiya tana gidan Yaya Sani a Staten Island, inda da murhun itace suke ɗumama falo, ga ta da ciwon asma. Likita ya ce kar ta shaƙi hayaƙi. Sai muka yi da Yaya: in icen da ya saya busasshe ne ta zauna, in ɗanye ne ta biyo ni gidana da ke bene hawa na tara, wanda take kira akurki.

Jirgin ƙasa ya sauke ni bakin ruwa, feri, jirgin ruwan fito, ya tsallakar da ni kyauta, bas ta kai ni gaba da Park Hill.

Gidan Yaya

Na tarar da shi bayan gida gaban tulin ice. Ya ɗauki biyu ya gwara, suka ce ƙwal.

"Ka ji ko? Mu da muka tashi cikin faskare za ka kawo wa wani mashin?"

Na soka mitar, ta nuna sha shida. Ƙasa da ashirin busasshe ke nan. Yaya har da tafi.

"Yaya, ruwan ciki ne ya daskare. Ƙanƙara ma ƙwal take yi, kuma mita ba ta jin ta. Mu shiga da shi ciki ƙanƙarar ta narke."

Ya yi tsaki, amma ya kwaso uku zuwa kicin. Muka ci tuwo da miyar kuka. Bayan la'asar ya faskara ɗaya, na soka a tsakiya: talatin da ɗaya. Na biyun ma haka. Ya shafa da yatsa ya ji laima. Hajiya da kanta ta miƙe ta ɗauko jakarta.

Komowa

A cikin feri ta ce, "Da bayansa ya yi dakon icen nan, don ni." Raina bai yi daɗi ba.

Mun iso gida bayan magariba lafiya lau, alhamdulillahi. Ta zauna gaban hita mai ɗumama ɗaki, ta miƙa mata tafukan hannu, can ta ɗago.

"Kira min Sani. Ka ce kar ya hura icen nan. Shi ma ƙirji gare shi."