Tango a Ka'akiyya, da Hannun da Na Janye

Shekarun baya, a nan ƙasa mai tsarki, ba mu daɗe da tasowa daga unguwar Jarwal zuwa ta Ka'akiyya ba, na koyi rawar tango. Na san waɗanda suka san ni a fuska za su tuntsire da dariya, su ce wannan dattijon mai furfura a gemu? Ni ɗin ne dai. Kuma ba tsoron dariyarku ne ya hana ni ba da labarin tuntuni ba. Wani abu na yi a cikinsa wanda har yau in na tuna sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sana'ata turin arabiyya ce, keken nan da ake ɗora tsofaffi da marasa lafiya a yi musu ɗawafi da Safa da Marwa. Na fi shekara ashirin ina yi. Na san yadda ake kutsa keke cikin cunkoso ba tare da an taka kowa ba, kuma ina alfahari da hakan fiye da kima. Hajiya, mai ɗakina, takan ce ko a barci “ɗarik ya Hajji” nake faɗa, ina neman a ba ni hanya.

Ciwonta ya fara ne daga hannun dama, yana 'yar makyarkyata in tana zuba shayi. Daga baya ya sauko ƙafa. Sai tana tahowa daga kicin ta tsaya cak a tsakiyar falo kamar an liƙe tafinta da ƙasa, tana so ta ɗaga ƙafar, ƙafar ta ƙi. 'Yarmu ta biyu, wadda ba ta yi aure ba a lokacin, ita ke kai ta wajen wata likita a Jidda. Likitar ta ba da magani, ta kuma faɗa musu gaskiya: ciwon ba ya warkewa, kuma ranar da Hajiya ta daina takawa da ƙafarta, da wuya ta sake tashi. Ta ce a sa ta motsi kullum, musamman taku da baya da sauya nauyi daga wannan ƙafa zuwa waccan. Ta ambaci wata rawa ta mutanen Ajantina, tango, ta ce takunta ya dace da abin da ake so, kuma kiɗan yakan taimaki ƙafa ta tuna tafiya.

Ni da na ji an ce rawa, sai na yi abin da na iya. Washegari na ɗauko tsohuwar arabiyyata, na wanke ta tas, na shigo da ita gida ina murmushi. Na ce ni da na tura alhazan duniya, matata ce za ta gagare ni? Hajiya ta kalli keken, ta kalle ni, ta ce in fitar mata da abin nan daga ɗaki. 'Yar tamu kuwa, da Larabci ya fi zama a bakinta, ta ce, “Haram alek ya Baba. Daktora ta ce ta yi tafiya, kai ka kawo mata wurin zama?”

Keken ya koma saman bene. Yarinyar ta fara gwada takun da uwarta daga wani bidiyo a waya, amma ba ta da ƙarfin tare ta in ta yi tangaɗi, ga shi tana zuwa aiki. Ba yadda na iya, abu ya dawo kaina.

Sai da na kafa sharuɗɗa kamar mai shirin aikata laifi. A rufe taga. A ƙara ƙarfin na'urar sanyi don ƙararta ta danne kiɗan. Kada kowa ya ji, musamman abokan aikina, don na san in labarin ya kai bakin Harami na shiga uku. Sannan aka naɗe darduma, aka matsar da tebur, na tsaya gaban matata kamar wanda aka kira gaban alƙali. Hannuna na dama a bayanta, na hagu riƙe da nata. Shekara talatin da aure, ban taɓa riƙe ta haka a tsaye da rana tsaka ba. Ko kasuwa za mu, ni ina gaba ne, ita tana can baya.

A wannan rawa namiji ke tafiya gaba, mace tana ja da baya, ba ta ganin inda za ta. Ni kuwa hannuwana abu ɗaya suka sani. Ana cewa “wahid, itnen”, wato ɗaya, biyu, sai in danna. Na tura ta bango, na tura ta jikin kujera, na taka mata yatsu har ba adadi. Malamin da ke cikin bidiyon yana ta bayani, 'yata tana fassarawa: wai ba da hannu ake ja-gora ba, da ƙirji ne, kuma kafin ka taka sai ka tabbatar ƙafar da abokiyar rawarka ta tsaya a kai. Na ce na ji. Aka sake kunnawa, na sake dannawa.

“Malam,” in ji Hajiya, “ni fa ba fasinjarka ba ce.”

Ya ɗauke ni makonni kafin in gane cewa rabin abin jira ne. In ƙafarta ta maƙale, da na ja ta sai abin ya ƙara muni. Amma in na tsaya, muka ɗan karkata dama, muka karkata hagu tare da kiɗan, sai in ji ƙafar ta saku da kanta. Ranar da na fara jin haka a jikina, na yi murna kamar an yi mini bushara da ɗa. Cikin wata biyu Hajiya ta koma ɗauko farantin shayi daga kicin ba tare da ta dafa bango ba. Ta fara yi mini gori cewa ta fi ni iyawa, kuma gaskiyarta. Daga nan ta soma lumshe ido in muna taku, ta jingina nauyinta a kaina gaba ɗaya, ta bar mini kallon hanya.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne. Yarinyar tana wajen aiki, ni kuma na manta ban sa sakata ba. Muna tsakiyar falo, Hajiya ta miƙa ƙafa baya, idonta a rufe, sai na ji an turo ƙofa tare da sallama. Muryar Yaya ce.

Yaya ita ce babbar yayata da ke zaune a unguwar Hindawiyya. Ita ta raine ni tun rasuwar mahaifiyarmu, ita ta kawo ni ƙasar nan, ita ta nema mini auren Hajiya. A gabanta ko sunan matata ba na faɗa, ko tabarma ɗaya ba ma zama a kai. Ban yi tunani ba, wallahi ban yi ba. Hannuwana biyu na janye lokaci ɗaya, na yi tsalle baya kamar wanda ya taɓa wuta.

Hajiya ta tafi da baya. Ta kai hannu za ta tare, hannun ya bugi gefen tebur, na ji ƙarar ƙashi. Ga kuma abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau: ba wajenta na fara nufa ba. Wayar na fara rarumowa na kashe kiɗan. Yaya ce, da tsufanta da ciwon gwiwarta, ta yar da jakarta ta durƙusa ta tallafo kan Hajiya. Ni ina tsaye da waya a hannu ina cewa ai motsa jiki ne, likita ce ta ce a yi.

“Wa ya tambaye ka?” in ji Yaya. “Kamo ta mu tafi asibiti.”

Karaya ce a wuyan hannu, aka sa mata filasta. Duk wadda ta zo dubiya, Hajiya sai ta ce santsi ne ya kwashe ta. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. Da na ba ta haƙuri, cewa ta yi ba komai, ai kunya ce na ji, kowa ma zai ji. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Bayan kwana huɗu ta kira ni, ba ta kalli fuskata ba, ta ce in sauko mata da arabiyyar nan daga sama.

Na sauko da ita. Na riƙa tura matata daga ɗaki zuwa falo, daga falo zuwa ƙofar banɗaki, a keken da ta kora da bakinta. Ina kallo ƙafafunta suna ƙara sandarewa kullum. In na miƙa mata hannu ta tashi, sai ta ce ta gaji, a bari sai gobe. Na san abin da likita ta ce, Hajiya ma ta sani, kuma na san wanda ya jawo.

Ana cikin mako na uku Yaya ta dawo. Ta gaisa da Hajiya, ta nemi kujera ta zauna, ta gyara mayafinta, sannan ta dube ni.

“Na koya maka jin kunyata, ban koya maka yar da 'yar mutane ba. Kunna kiɗan in gani.”

Na kunna. Hajiya ta ce ita kam ba za ta sake taku da baya ba ko da wa ya zo. 'Yarmu ce ta kawo shawara, ta ce to a juya: Mama ta yi gaba, Baba ya ja da baya. Da ƙyar Hajiya ta miƙe, hannunta mai lafiya a kafaɗata. Haka na yi ta ja da baya a gaban Yaya, ƙato da ni, ina karo da kujera, ina waiwaye kamar ɓarawo, Yaya tana cewa in daina leƙe in bar mata tuƙin. A ranar na san abin da Hajiya ta ba ni duk watannin nan. Ni da idona biyu a buɗe, taku uku na kasa yi ban juya ba.

Taku shida ta yi ranar, ta zauna. Washegari ta yi goma. Yaya ta mayar da gidanmu wajen zuwanta duk Talata, tana shan shayi tana gyara mini ƙafa, ita da ba ta taɓa rawa ba a rayuwarta. Sai da muka yi wajen wata huɗu ni ke ja da baya kafin Hajiya ta ce, wata rana da hantsi, in dawo wurina. Yanzu arabiyya sai in za mu Harami. A gida da ƙafarta take yawo, da sanda, a hankali, tana yi wa kowa faɗa.

Na daɗe ina juya abin a raina. Da can ina ɗaukar kunyata a matsayin tarbiyya, abin da zan yi tutiya da shi. Ban ce a yar da ita ba, har gobe ba na faɗin sunan Hajiya a gaban Yaya. Amma ranar nan ba Yaya na girmama ba, kaina na kare, kuma wadda ta dogara da ni ce ta sha wahalar. Wannan ita ce kunyar da ta zauna mini, ta kuma fi waccan nauyi nesa ba kusa ba.

Har yanzu muna yin takunmu bayan la'asar, ba na ma rufe taga. In aka ƙwanƙwasa ƙofa muna ciki, nakan ji yatsunta sun ƙara damƙe kafaɗata, sai in ƙara riƙe ta in ce a shigo. Abu ɗaya ne bai dawo ba. Tun daga ranar ba ta sake lumshe ido ba. Na taɓa tambayarta dalili, ta yi murmushi ta ce fuskata take son gani. Na ce to, Hajiya. Muka ci gaba da taku.